Richborough: Tashar Jiragen Rumawa da Teku Ya Bari, da Iyakar Abin da Doka Ke Iya Karewa

A watan Afrilun 2023 aka buɗe wata ƙofar katako mai hasumiya, tsayinta mita 8, a Richborough da ke kusa da garin Sandwich a gundumar Kent, kudu maso gabashin Ingila. An kafa ta daidai gurbin wata ƙofa da sojojin Rum suka kafa wajen shekara ta 43 Miladiyya. Bayan wata uku, ranar 30 ga Yuli, sabuwar ƙa'ida ta fara aiki kan kayan tarihin da mutane ke tsinta a ƙasa, wadda ta ƙara yawan abubuwan da mai tsintuwa ba zai sayar yadda ya ga dama ba.

Wanda ya bi labaran biyu, abin zai iya ɗaure masa kai. Wurin da doka ta hana manomi ya kafa ko turken shinge sai da izinin gwamnati, ta yaya aka yarda a yi masa sabon gini? Ana cewa tashar jiragen ruwa ce, amma hotunan wurin gonaki da layin dogo suke nunawa. Kuma idan an ce wuri yana da kariyar doka, daga me ake kare shi, wa ke biyan kuɗin?

Yadda tashar ta rabu da ruwa

A zamanin Rumawa, yankin Thanet tsibiri ne. Wani mashigin teku mai suna Wantsum ne ya raba shi da sauran Kent, faɗinsa ya kai kilomita uku a wasu wurare. Jirgin da ya taso daga Boulogne, a gaɓar Faransa ta yau, yakan shiga ta bakin kudu ya sami ruwa kwantacce, ya fita ta bakin arewa ya nufi kogin Thames da Landan. Richborough, wadda Rumawa ke kira Rutupiae, tana kan tudu a bakin kudu. Reculver, wato Regulbium, tana bakin arewa. Aiki ɗaya suka yi, amma ƙarshensu ya sha bamban, kamar yadda za a gani a gaba.

Mashigin ya cike sannu a hankali. Kogin Stour na kawo laka, igiyar ruwa na tara tsakuwa a Stonar da ke kusa da Sandwich har ta zama shinge, daga baya kuma sufayen Kirista na Canterbury suka riƙa tare ruwa suna busar da fadamu don samun makiyaya. A littafin tarihin da malamin coci Bede ya kammala a 731, faɗin mashigin ya dawo kimanin mita 600. Sandwich ta gaji harkar jirage, ita ma laka ta toshe ta a ƙarni na 16. Yau tsakanin ganuwar Richborough da teku akwai tafiyar kilomita uku. Sai a 2008 masu tono suka gano tsohon bakin ruwan a gindin tudun, wajen da bangon gabas ya rufta.

Gari a kan gari

Yawancin abin da aka sani game da wurin ya fito ne daga tonon da J. P. Bushe-Fox ya jagoranta daga 1922 zuwa 1938. Rahotannin aikin littafi biyar ne, na ƙarshe bai fito ba sai 1968. Abin da suka nuna shi ne Richborough ba gini ɗaya ba ce, wurare ne da yawa, kowane a kan kufan na gabansa.

Can ƙasa akwai gwalalo biyu a jere, tsawonsu ya haura mita 600, da gurbin ƙofa a tsakani. Irin shingen da dakaru ke yi cikin gaggawa ne idan sun sauka a bakin ruwa suna tsoron farmaki. Ba a jima ba aka cike su, aka shimfiɗa tituna, aka kafa manyan rumbunan katako na hatsin sojoji. Daga nan babbar hanyar da ake kira Watling Street ta tashi, ta bi ta Canterbury zuwa Landan har ta kai Wroxeter a yamma.

Wajen shekara ta 85 aka rushe rumbunan aka gina ƙofar alfarma mai baka ta fuska huɗu, tsayinta kimanin mita 25, an lulluɓe ta da farin dutsen da aka ɗauko daga Carrara a Italiya. Baƙon da ya sauka daga jirgi ta ƙarƙashinta zai bi ya shiga lardin Birtaniya. Harsashinta kaɗai ya rage, zurfinsa wajen mita 10. A ƙarni na 19 wasu masu bincike sun yi ta haƙa ramuka a gefensa da zaton akwai ɓoyayyen ɗaki, ba su tarar da komai ba sai dunƙulallen dutse da siminti irin na Rumawa.

Gari ya taso a kewayen ƙofar, da shaguna, da masaukin jami'an gwamnati mai gidan wanka, da wuraren bauta, da dandalin kallo mai zagaye da zai ɗauki mutum 5,000. Sunan garin ya kai har Rum saboda kawa, wani abincin teku mai ɓawo biyu da masu hali ke so, har mawaƙi Juvenal ya ambace ta.

A tsakiyar ƙarni na 3 zaman lafiya ya ja baya. Aka share tsakiyar garin, aka zagaye ƙofar alfarmar da gwalalo uku, da alama an mayar da ita wurin hango jirage. Kafin ƙarnin ya ƙare aka rushe ta ɗungum, aka zuba duwatsunta cikin sabuwar ganuwa mai kaurin fiye da mita 3, wadda har yau tana tsaye da tsayin mita 8 a wasu sassa. Ita ce abin da baƙo ke gani yanzu. Ta nan dakarun agaji daga nahiyar Turai suka sauka a 360 da kuma wajen 368. A kusurwar arewa maso yamma akwai wurin baftisma mai kusurwa shida, shaidar cewa an yi coci a cikin sansanin a ƙarshen mulkin Rum.

Sai sulalla. An tono kimanin 56,000 a Richborough, fiye da 20,000 daga cikinsu an buga su ne tsakanin 388 da 402. Waɗannan su ne kusan ƙananan kuɗi na ƙarshe da suka shigo Birtaniya da yawa kafin ikon Rum ya ƙare wajen 410. Shi ya sa ake yi wa wurin kallon ƙofar shiga da ƙofar fita a lokaci guda.

Inda masana suka rabu

Gardama ta farko: a nan rundunar mamaya ta sauka? An san cewa a shekara ta 43 Sarki Claudius ya turo Aulus Plautius da dakaru kimanin 40,000. Marubucin tarihi Cassius Dio ya ce sun tsallako kashi uku, amma bai faɗi inda suka sauka ba. Masu cewa Richborough ce suna kafa hujja da gwalalon nan biyu, da gajartar tsallakawa daga Boulogne, da wani kogi da Dio ya ce an yi yaƙin kwana biyu a bakinsa, wanda suke ɗauka kogin Medway na Kent ne. Ɗaya ɓangaren kuwa yana nuna yankin Chichester a Sussex. A can masarautar Verica take, sarkin da ya gudu Rum neman taimako har aka fake da shi aka kawo yaƙin, kuma a Fishbourne da ke kusa da Chichester an tono rumbunan soja na farkon mamaya. Suna kuma cewa filin da gwalalon Richborough ya zagaye ya yi wa mutum 40,000 da dawakai kaɗan. Yawancin littattafai na tare da Kent, amma babu wani rubutun dutse da ya raba gardamar, kuma ba abin mamaki ba ne a ce an sauka a wuri fiye da ɗaya.

Gardama ta biyu ta shafi ganuwar. Wata takardar jerin muƙaman daular Rum, Notitia Dignitatum, ta lissafa sansani tara daga Brancaster a Norfolk zuwa Portchester a Hampshire, duk a hannun kwamanda ɗaya na abin da ta kira Gaɓar Saxon. Tsohon bayani shi ne an gina su don tare 'yan fashin teku na ƙabilun Saxon da Frank. Wasu suka ce a'a, a duba Carausius. Shi kwamandan jiragen yaƙi ne da aka zarga da barin 'yan fashi su yi ɓarna sannan ya ƙwace ganimar ya riƙe. Da aka yanke masa hukuncin kisa sai ya naɗa kansa sarki a Birtaniya a 286. Ma'ajinsa Allectus ya kashe shi a 293, Rum ta ƙwato tsibirin a 296. A wannan fahimtar, Rum ɗin kanta ake gina wa ganuwa. Bayani na uku ya ce rumbuna ne masu tsaro, inda ake tara hatsi da kaya kafin a loda wa jirage. Raunin kowane bayani ɗaya ne: ba a lokaci guda aka gina sansanonin ba. Reculver da Brancaster sun girmi sauran da shekaru da dama, don haka da wuya dalili ɗaya ya rufe su duka.

Wannan saɓani ba na cikin aji ba ne kawai. Amsoshin suna cikin ƙasar da ba a tona ba, kuma darajar wannan ƙasa ce hujjar kare ta.

Abin da "kariya" ke nufi a doka

Dokar farko ta kare kayan tarihi a Birtaniya ta fito a 1882 bisa ƙoƙarin ɗan majalisa John Lubbock, ta lissafa wurare 68 kacal, kuma sai mai fili ya yarda. Wadda ke aiki a Ingila yanzu ita ce ta 1979. A ƙarƙashinta ministan al'adu ke sa wuri cikin jerin wuraren tarihi masu muhimmanci ga ƙasa, bisa shawarar hukumar Historic England. Jerin na da wurare kusan 20,000. Sansanin Richborough da tasharta da kufan da ke kewaye suna ciki.

Da zarar wuri ya shiga jerin, duk aikin da zai taɓa shi, ko haƙa, ko gini, ko gyara, ko zuba ƙasa, sai da rubutaccen izini. Yin aiki ba izini laifi ne mai tara, lalata wurin da gangan na iya kai mutum gidan yari har shekara biyu.

Abin da dokar ba ta yi ba shi ya fi ruɗa mutane. Ba ta karɓe fili daga mai shi ba. Ba ta ba jama'a damar shiga ba. Ba ta tilasta wa mai fili ya gyara ko ya kula da wurin ba, hana shi ɓatawa kawai ta yi. Sannan akwai wata ƙa'ida ta 1994 da ta ba da izini na bai ɗaya ga wasu ayyuka, ciki har da noma: gonar da ake nomawa kafin ta shiga jerin za a ci gaba da noma ta, muddin garma ba ta zarce zurfin da ta saba ba. A takarda wannan ya yi daidai. A gona kuwa, ruwan sama da iska na rage ƙasar sama kowace shekara, don haka zurfin bara ba shi ne zurfin bana ba, garmar na ƙara kusantar bene da harsashin da ke ƙasa. A 2003 hukumar kula da wuraren tarihi ta lokacin ta ce wurare kusan 3,000 na cikin jerin ana noma su. Maganin da ake amfani da shi ba tilas ba ne, biyan manomi ake ya bar gonar ta zama makiyaya.

Wannan ya shafi Richborough kai tsaye. Filin cikin ganuwa bai kai hekta 3 ba. Binciken na'urorin da ke hango abin da ke cikin ƙasa ba tare da tono ba ya nuna cewa garin ya haura hekta 20, da tituna da gidaje a ƙarƙashin gonaki. Abin da ake sayen tikiti a gani ɗan yanki ne.

A tono ko a bari?

Masu wannan sana'a suna da magana ɗaya da suka yarda da ita: tono ɓarna ce. Abin da ke ba kasko ko sulai ma'ana shi ne hawan ƙasar da aka same shi, da abin da ke samansa da ƙasansa. Da zarar an kwashe, ba a mayarwa. Bushe-Fox ya yi aiki mai kyau a ma'aunin zamaninsa, amma a lokacin ba a tace ƙasa don neman ƙwayar hatsi ko ƙashin kifi, ba a kuma san auna shekarun abu da sinadarin kabon ba. Duk wannan bayani ya tafi da ƙasar da aka zubar.

Shi ya sa tun 1990 manufar gwamnatin Ingila ita ce a bar kayan tarihi inda suke in zai yiwu. In ba zai yiwu ba, wanda zai yi gini shi zai biya kuɗin tono da rubuta rahoto kafin ya fara. Masu goyon baya na cewa na baya za su zo da kayan aiki mafi kyau, a bar musu rabonsu. Masu suka na cewa bari a ƙasa ba adanawa ba ne idan garma na yanka daga sama, ruwan ƙasa kuma na ja baya yana busar da katako da fatar da laima ta riƙe shekaru aru-aru. Suna ƙara da cewa tsarin ya sa ana tono inda ɗan kasuwa ke son gini, ba inda tambaya take ba.

Aikin da aka yi a dandalin kallo na Richborough a 2021 ya bi tsakiya. An buɗe 'yan ramuka da tambayoyi ƙididdigaggu, ba a kwashe wurin duka ba. An gano cewa da tubalin alli da curin ƙasa mai ciyawa aka gina shi, bangon filin na da shafe mai fenti, abin da ba a saba gani a irin waɗannan dandali a Birtaniya ba. An gano ɗan ɗakin da ake tsare mutum ko dabba kafin a fito da su fili, da ƙasusuwan wata kyanwa da aka binne da kulawa. An kuma sami shaidar cewa mutane sun ci gaba da zama a wajen ganuwa har ƙarshen ƙarni na 4, alhali a da ana zaton garin ya watse tun da aka gina sansanin.

To ƙofar katakon fa?

Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda masu kula da gine-ginen tarihi a duniya ke komawa gare ta, ba ta yarda da sake gina kufai ba, sai dai a mayar da ɓaraguzan asali mazauninsu. Ta kuma ce gyara ya tsaya inda kintace ya fara. A Richborough gurbin ginshiƙai ne kawai shaida. Yadda saman ƙofar yake, sai an duba zanen sansanoni da aka sassaƙa a Ginshiƙin Trajan a birnin Rum, wanda aka yi shekara 70 bayan kafa ƙofar ta asali. Mai suka zai ce baƙo zai tafi da hoton kintace a matsayin gaskiya, kuma ƙofar na ƙarfafa ra'ayin cewa nan aka sauka, alhali gardamar ba ta mutu ba.

Masu kula da wurin na da tasu hujjar. Richborough wuri ne mai wuyar fahimta daga ƙasa, domin gwalalon ƙarni na 1 da na ƙarni na 3 da ganuwa duk sun cakuɗe. Daga saman hasumiya ana rarrabe su, ana kuma hango fadamar da ta kasance teku. An riga an tone gurbin tun zamanin Bushe-Fox, kuma ginin katako ana iya kwance shi. An taɓa irin wannan ja-in-ja a South Shields a shekarun 1980, lokacin da aka sake gina ƙofar dutse ta sansanin Rumawa na Arbeia a kan harsashinta na asali. Amsar tambayar farko ke nan: doka ba ta haramta gini a wurin tarihi ba, ta sa shi a hannun mai ba da izini ne.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ba a rabuwa da shi. A 2015 aka raba tsohuwar hukumar kula da wuraren tarihi gida biyu. Historic England ta riƙe aikin doka da ba da shawara. English Heritage ta zama ƙungiyar agaji mai kula da wurare sama da 400, ciki har da Richborough, aka ba ta fam miliyan 80 na gyare-gyare da sharaɗin ta koma ciyar da kanta daga tikiti, kuɗin mambobi da gudummawa. Wurin da ba ya jan baƙi nauyi ne a kan sauran. A farkon 2025 ƙungiyar ta sanar da shirin rage ma'aikata da rufe wasu wurare a lokacin sanyi. Ga mai shago ko masauki a Sandwich, yawan baƙi shi ne ciniki. Ga iyalin da ke son kai yara, wannan tsari na nufin kuɗin shiga ne ke ɗaukar nauyin da a da baitulmali ke ɗauka.

Na'urar gano ƙarfe da ƙa'idar 2023

Yawo da na'urar gano ƙarfe halal ne a Ingila idan mai gona ya yarda, kuma dubban mutane sun ɗauke shi abin sha'awa. A wurin da ke cikin jerin kariya kuwa laifi ne sai da lasisin Historic England, ko da mai gonar ya ba da izini, ko da shi kansa mai gonar ne.

A sauran wurare dokar 1996 kan dukiyar da aka tsinta ce ke aiki. Abin da ya kai shekara 300 kuma akwai aƙalla kashi 10 cikin 100 na zinariya ko azurfa a jikinsa, ko tarin sulalla da aka samu wuri ɗaya, dukiyar ƙasa ce. Dole a kai rahoto cikin kwana 14 ga jami'in shari'ar da ke binciken musabbabin mutuwa, wanda tun zamanin da aka haɗa masa da wannan aiki. Idan gidan tarihi na so, kwamiti zai yi wa abin kuɗi, a biya lada, yawanci a raba biyu tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Abin da bai shiga wannan ma'auni ba, ana roƙon mutane su kai a rubuta shi a wani shiri na sa-kai da aka fara a 1997.

Giɓin ya fito fili a 2010. Wani ya tsinci kwalkwalin sojan dokin Rum a Crosby Garrett da ke Cumbria, abu mai kyan gaske, amma na tagulla ne. Doka ba ta san shi ba. Aka yi gwanjonsa a kan kusan fam miliyan 2.3, gidan tarihin Carlisle ya tara gudummawa amma wani mai kuɗi ya fi shi tayi. Ƙa'idar 2023 ta ƙara sabon rukuni: abin ƙarfe da ya haura shekara 200 kuma yake da muhimmanci na musamman ga tarihin ƙasa ko yanki zai iya zama dukiyar ƙasa, ko da ba zinariya ko azurfa a jikinsa.

Gidajen tarihi sun yi maraba, ko da yake su ne za su nemo kuɗin lada. Wasu masu na'ura na ganin "muhimmanci" kalma ce mai santsi, ba kamar kashi 10 cikin 100 da ake aunawa ba, kuma suna tsoron jinkiri. Wasu masana kuwa na ganin gyaran bai isa ba, tunda dutse da kasko da katako ba su shiga, suna nuna Scotland inda duk abin tarihin da aka tsinta na hukuma ne. Ga wuri irin Richborough, inda yawancin sulallan na tagulla ne marasa tsada, amfaninsu na cikin ƙirga su da sanin inda kowane ya fito. Ɓarawon dare da ya cire ashirin bai sami abin kirki ba, amma ya ɓata lissafi.

Reculver: inda doka ba ta da iko

A ɗaya bakin mashigin, akasin haka ne ya faru. Teku ya gudu daga Richborough, amma Reculver cin ta yake. A ƙarni na 16 akwai tazara mai kyau tsakanin sansanin da ruwa. Yau kusan rabinsa ya faɗa teku. Cocin da aka kafa a cikinsa a 669 an rushe shi a 1809 da zaizaya ta matso, aka bar hasumiyoyi biyu. Ba don tarihi aka bar su ba: hukumar kula da fitilun teku, Trinity House, ta saye su a 1810 saboda matuƙan jirgi na gane hanya da su, ta kuma kare gindinsu. Sansanin Rumawa na Walton a Suffolk bai sami irin wannan gata ba, ya nutse gaba ɗaya a ƙarni na 18.

Yanzu an raba gaɓar Ingila yanki-yanki, kowane da ɗaya daga cikin manufofi huɗu: a riƙe bakin ruwa inda yake, a tura shi gaba, a ja da baya cikin tsari, ko a bar teku ya yi abin da zai yi. Kuɗin gwamnati ya fi bin yawan gidajen da bango zai kare. Kufai a bakin gona ba ya tara maki da yawa a wannan lissafi, kuma kasancewarsa cikin jerin kariya bai wajabta wa kowa gina masa bango ba. Masu cewa a kare irin waɗannan wurare na da hujjar cewa ba a maye gurbinsu. Masu cewa a rubuta, a ɗauki hoto, a bari, na nuna cewa bango a nan yakan hana yashi isa can, ya ƙara wa maƙwabta zaizaya. Kuma a ƙauyuka irin su Happisburgh da Hemsby a Norfolk mutane na rasa gidajensu ba tare da diyyar gidan ba, don haka kashe miliyoyi a kan tsohon bango magana ce mai nauyin faɗa a gabansu.

Matsin na ƙaruwa. Ruwan teku a kewayen Birtaniya ya hau fiye da santimita 15 tun 1900, kudu maso gabashin Ingila kuma ƙasarsa na nitsewa a hankali. A Fabrairun 2021 wani ɓangaren bangon Hurst Castle a Hampshire, wanda ke hannun English Heritage, ya rufta bayan ruwa ya ƙwaƙule gindinsa.

Richborough ma ba ta tsira ba don ta yi nisa da gaɓa. Kogin Stour ya daɗe yana cin gefen tudun, masu shimfiɗa layin dogo suka ƙara yanke shi a shekarun 1840. Fadamun da suka maye gurbin Wantsum ƙasa ce mai kwari, bangaye da injinan janye ruwa ne ke riƙe da ita, kuma a cikin lakarta ne ragowar bakin tashar yake, wanda ɗan kaɗan aka tona. A ambaliyar daren 31 ga Janairun 1953, wadda ta kashe mutum sama da 300 a gabashin Ingila, bangon da ke gabas da Reculver ya fashe, ruwan gishiri ya bi tsohuwar hanyarsa ya malale gonakin arewacin mashigin.